Ajina Ya Koma Filin Kamfe: In Bayyana Ra'ayina ko In Koma Shifta?

Tambaya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ƙaramin malami ne a jami'a, shekarata ta biyu ke nan a sashen kimiyyar siyasa. An ba ni kwas biyu: gabatarwa ga kimiyyar siyasa ga 'yan aji ɗaya, waɗanda sun haura ɗari biyu, da nazarin manufofin gwamnati ga 'yan aji uku. Zaɓe ya ƙarato, kuma duk ran da na kawo misali daga abin da ke faruwa sai aji ya rabu gida biyu, kowa yana kare jam'iyyarsa da ihu. Kullum sai an tambaye ni wa zan zaɓa. Ina da ra'ayi mai ƙarfi, ban ɓoye shi a Facebook ba kafin in fara koyarwa, kuma wasunsu sun tono. Makon jiya wani ɗalibi ya tare ni ya ce na rage masa maki a jinga ne don ya yabi wata manufa ta gwamnatin da ba na so, har ya ce zai kai ƙara wurin shugaban sashe. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, domin a zuciyata ba ni da tabbacin ƙarya yake yi. Wani babban abokin aikina ya ce in daina taɓa maganar yau da kullum, in karanta musu ma'anoni su rubuta, in kama gabana. Wani kuma ya ce in fito fili in faɗa musu gaskiyar da na sani, ai aikin malami ke nan. Wanne zan bi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da ka ce ba ka da tabbacin yaron nan ƙarya yake yi. Da yawa daga cikinmu, in ɗalibi ya tare mu da irin wannan magana, abin da zai fara zuwa mana a rai shi ne: wane ne shi da zai tuhume ni? Kai kuwa ka kwana kana tuhumar kanka. Kada ka bari wannan hali ya mutu, domin a kansa duk abin da zan gaya maka zai tsaya. Zan dawo kan takardar yaron, ita ce mai gaggawa. Amma bari tukuna mu duba shawarwarin abokan aikinka biyu, saboda ban goyi bayan ko ɗaya ba.

Wanda ya ce ka koma shifta yana so maka zaman lafiya ne, kuma na san inda maganarsa ta fito. Na ga malaman da suka shekara ashirin suna karanta takarda ɗaya, ba wanda ya taɓa kai ƙararsu. Sai dai ka tambayi kanka da me ɗalibi zai fita. Zai haddace cewa masanin siyasa Harold Lasswell, tun a 1936, ya taƙaita siyasa da cewa ita ce wa ya sami me, yaushe, kuma ta wace hanya. Zai zayyano maka haka a jarrabawa ba kuskure, ka ba shi makinsa. Ran da aka ajiye masa kasafin kuɗi a gaba aka ce nuna mana wa ya samu, wa ya rasa, sai ya tsaya yana kallon takarda. Ihun da ka guje wa kuma yana nan da ransa, ƙaura kawai ya yi zuwa zaurukan WhatsApp inda babu mai cewa kawo hujja. Awa biyun nan da kake da su a mako, wataƙila su kaɗai ne lokacin da matasan nan za su yi gardamar siyasa a gaban wanda ya san yadda ake auna magana. In ka rufe wannan ƙofa, gudun gara ka yi ka faɗa gidan zago.

Shawara ta biyu ta fi daɗin ji, shi ya sa ta fi hatsari. Ba kai ne farkon wanda aka yi wa ita ba. A watan Nuwamba na 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, ɗalibai a birnin Munik na Jamus suka gayyaci masanin zamantakewa Max Weber ya yi musu lakca kan ilimi a matsayin sana'a. Weber mutum ne mai zafin ra'ayi, a wannan shekarar ma yana ta rubutu a jarida yana caccakar yadda ake mulkin ƙasarsa. Duk da haka ya ce musu ɗakin lakca ba wurin kamfe ba ne, kuma dalilin da ya kawo shi ne wanda nake so ka riƙe. A aji, malami ne ke magana, ɗalibi kuwa dole ya zauna ya saurara domin makomarsa na hannun mai maganar. Mai son yaɗa ra'ayinsa ya tafi taro ko jarida, inda wanda bai yarda ba zai iya miƙewa ya mayar masa da martani ba tare da tsoro ba. Ka dubi ajinka da wannan idon. Yaron da ke zaune a layin baya, wanda iyayensa da duk danginsa suke ɗaya jam'iyyar, in ya ji ka ragargaji ɗan takararsu, ba zai ce uffan ba. Zai koyi abu ɗaya tak: abin da Malam ke son ji, don ya rubuta masa shi ran jarrabawa. Ka sami mai kwaikwayo, ka rasa mai tunani.

To in ba kamfe ba, kuma ba shiru ba, mene ne aikin? Weber ya amsa a wannan lakcar. Ya ce babban aikin malamin kirki shi ne ya saba wa ɗalibansa da amincewa da gaskiyar da ba ta yi musu daɗi ba, wato wadda ta saɓa wa ra'ayin ɓangarensu, kuma ya ce kowane ra'ayi yana da irin wannan gaskiya mai ɗaci, har da nasa. Shekara 540 kafin nan, a 1377, Ibnu Khaldun ya zauna a wani sansani a ƙasar Aljeriya ta yau yana rubuta Muƙaddimarsa. Da ya zo lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta kutsa cikin labarai, abin da ya sa a gaba shi ne son kai ga wani ra'ayi ko mazhaba: in zuciya ta riga ta karkata, sai ta karɓi duk labarin da ya dace da ita tun a jin farko, ba bincike, ba tantancewa. Mu muna cewa so hana ganin laifi. Wannan ita ce cutar da ke damun ajinka, kuma kai ma ka gano alamarta a jikinka. Kwas ɗinka magani ne gare ta in ka tsara shi haka.

Akwai wani ma'auni da na daɗe ina aiki da shi. A 1976, bayan shekaru ana kai ruwa rana tsakanin masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi kan abin da za a koya wa yara game da siyasa, masana a Jamus ta Yamma suka haɗu a wani ƙaramin gari mai suna Beutelsbach. Abin da ya fito daga taron ƙa'idoji uku ne. Ba a yarda malami ya danne ɗalibi da ra'ayinsa ba. Abin da ake taƙaddama a kansa a fagen ilimi da siyasa, dole a gabatar da shi a aji a matsayin abin taƙaddama. Sannan a koya wa ɗalibi ya iya nazarin halin da ake ciki da inda maslaharsa take. Don makarantun sakandare aka yi su, amma sun dace da jami'a sarai. Ka lura da ƙa'ida ta biyu, tana da baya: abin da hujja ta riga ta tabbatar, ba za ka mai da shi abin taƙaddama don ka faranta wa wani ba. In ɗalibi ya kawo adadi na ƙarya, ka gyara shi nan take ko da ɗan ɓangarenka ne, musamman ma in ɗan ɓangarenka ne. Adalci bai ce ka raba gaskiya da ƙarya biyu ka ba kowa rabi ba.

Abin da ya fi taimaka mini wajen kashe ihu shi ne raba tambaya gida uku a kan allo, tun kafin kowa ya buɗe baki. Ɗauki batun ƙara mafi ƙarancin albashi. Nawa ne a doka yanzu, ma'aikata nawa ya shafa? Wannan tambayar adadi ce, takarda ce ke amsa ta, ba a ƙuri'a a kanta. In an ƙara shi, masu ɗaukar aiki za su rage ma'aikata? Wannan tambayar sababi ce, bincike ke amsa ta, kuma masana kansu sun saɓa. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ƙara nata albashin, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ƙara ba. David Card da Alan Krueger suka kwatanta wuraren aiki 410 a ɓangarorin biyu, suka wallafa a 1994 cewa ba su ga ayyuka sun ragu ba. Wasu masanan suka sake duba lamarin da wasu alƙaluma suka ce sun ragu, kuma har yau ana wannan muhawara, ko da yake Card ya sami kyautar Nobel a 2021. Sai ta uku: ko da wasu za su rasa aiki, ya dace a ƙara don saura su rayu da mutunci? Wannan tambayar ƙima ce, babu binciken da zai yanke ta, kuma mutanen kirki biyu za su iya saɓawa a kanta har abada. Yawancin ihun da kake ji ya samo asali ne daga cakuɗa waɗannan ukun: wani yana maganar adadi, wani yana amsa masa da ƙima, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai da hankali. Duk wanda ya ɗaga hannu, ka fara tambayarsa: a wane gida kake? A gida na farko kai ne alƙali. A na biyu kai jagora ne mai nuna hujjojin kowane ɓangare da ƙarfinsu da rauninsu. A na uku ka ja baya ka bar su.

Ga 'yan aji ɗaya, ina ba ka shawarar ka fara daga nesa sannan ka matso gida. Kada ka buɗe darasin tsarin zaɓe da zaɓen da ke tafe. Buɗe shi da abin da ba wanda zai zubar da jini a kansa. Ga wanda nake yi. Ka ce musu a ƙaddara aji na mutum 100 zai zaɓi ranar gwaji tsakanin Litinin, Laraba da Juma'a. Mutum 40 sun fi son Litinin, in ba ta samu ba Laraba, Juma'a ce ƙarshe a wurinsu. Mutum 35 sun fi son Juma'a, sai Laraba, sai Litinin. Mutum 25 sun fi son Laraba, sai Juma'a, sai Litinin. Rubuta wannan a allo ka tambaye su wace rana ta ci. Za su ce Litinin, ai ita ke da 40. Sai ka ce to a ƙaddara doka ta ce dole mai nasara ya haura rabi, a je zagaye na biyu tsakanin biyun farko. 'Yan Laraba za su koma wa Juma'a, ta ci da 60. Daga nan sai ka gwada Laraba da kowace rana ɗaya bayan ɗaya: ta doke Litinin 60 da 40, ta doke Juma'a 65 da 35. Mutane ɗaya, ra'ayi ɗaya, ba wanda ya saci akwati, amma an sami masu nasara uku. A nan ne nakan ji aji ya yi tsit, irin shirun da ba tsawa ce ta kawo shi ba. Sai wani ya ɗaga hannu a hankali ya ce, to Malam wace ce ta gaskiya? Wannan tambayar ita ce kimiyyar siyasa, kuma tun 1785 masanin lissafi Condorcet na Faransa yake fama da ita, kafin Kenneth Arrow ya nuna a 1951 cewa in zaɓi ya kai uku babu tsarin jera su da zai cika dukkan wasu sharuɗɗan adalci da ya gindaya a lokaci guda.

Bayan haka sai ka nuna musu ba wasan allo ba ne. A Faransa a 2002, 'yan takara 16 suka tsaya, ƙuri'un masu ra'ayin sauyi suka watse, Firaminista Lionel Jospin ya faɗi tun zagayen farko da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, Jacques Chirac da bai kai kashi 20 ba a farko ya ƙare da kashi 82 a zagaye na biyu. A Amurka a 2000, Al Gore ya fi George Bush ƙuri'a sama da rabin miliyan a faɗin ƙasa, amma tazarar ƙuri'a 537 a jihar Fulorida ta ba Bush mulki. A New Zealand, jam'iyyar da ta fi yawan ƙuri'a ba ta sami mulki ba a 1978 da 1981, takaicin haka yana cikin abin da ya kai jama'a ga sauya tsarin gaba ɗaya ta ƙuri'ar raba gardama a 1993. Sai a mako na uku ko na huɗu ka ce su ɗauko dokar zaɓen ƙasarsu su karanta da wannan idon. Za ka ga waɗanda jiya suke yi wa juna ihu sun haɗa kai a kan takarda ɗaya, domin yanzu suna da abin aunawa a hannu.

'Yan aji uku kuma cutarsu daban ce. A shekarun da na yi ina koyar da nazarin manufofi, amsar da na fi samu ga kowace tambaya ita ce ɓarayi ne, ko kuma maƙiya ne suka hana. Sata gaskiya ce, zagon ƙasa ma gaskiya ne, kada ka musa musu abin da idonsu ya gani. Amma ɗalibin da ba shi da bayani sai wannan, ba zai iya gyara komai ba ko an ba shi ofis. Ka ba su labarin Oakland a Kalifoniya. A 1966 wata hukumar tarayyar Amurka ta ware kusan dala miliyan 23 don ayyukan da za su samar wa marasa aikin yi na birnin aiki kimanin 3,000. Kuɗi yana nan, kusan kowa ya amince da manufar, amma shekaru suka shuɗe ayyukan da aka samar ba su taka kara sun karya ba. Jeffrey Pressman da Aaron Wildavsky suka bi diddigi, suka wallafa a 1973 cewa shirin yana buƙatar amincewa har sau 70 daga hukumomi da mutane daban-daban. Ka sa ɗalibanka su yi lissafin da wayarsu: in a kowane mataki yiwuwar a amince kashi 99 ne cikin ɗari, yiwuwar a tsallake duka 70 ɗin ba ta kai rabi ba. In ta sauko zuwa kashi 95, abin da ya rage bai kai kashi 3 ba. Daga nan ka ce kowa ya zaɓi wani shiri na gwamnati, ko wace gwamnati, ya zana hannuwan da takarda za ta bi daga sanarwa har ta isa ga talaka.

Wata jinga kuma da nake so ka gwada, ko da za su yi ƙorafi: kowa ya rubuta shafi biyu yana kare manufar da ya fi tsana, kuma ma'aunin shi ne in mai goyon bayanta na haƙiƙa ya karanta, ya ce e, haka nake nufi. John Stuart Mill ya yi nuni tun a 1859 cewa wanda bai san komai ba sai hujjar ɓangarensa, ita ma bai san ta sosai ba. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta kawo mini irin wannan jinga tana ɓata rai, ta ce har yanzu ba ta yarda da manufar ba, amma yanzu ta gane cewa masu son ta ba mahaukata ba ne. Ban nemi fiye da haka daga gare ta ba.

Yanzu ga tambayar wa za ka zaɓa. Kada ka ce musu ba ka da ra'ayi. Sun riga sun ga rubutunka, kuma ƙaryar za ta rushe amanar da kake son ginawa. Ka tsaya gabansu sau ɗaya ka faɗa a sarari: ina da ra'ayi kamar kowane ɗan ƙasa, wasunku sun gani, amma ban zo nan neman ƙuri'arku ba, kuma ba zan gaya muku wanda zan jefa wa tawa ba; duk ran da kuka ga na karkata, ku ɗaga hannu ku faɗa, ba zai shafi makin kowa ba. Bayan ka faɗa, sai ka cika. Ranar farko da wani ya gwada ka, duk aji zai zuba ido ya ga yadda fuskarka za ta yi. Ka kuma riƙa duba misalanka: in sau biyar ka kawo misalin gazawa duka daga gwamnati ɗaya suka fito, ka yi kamfe ko ba ka ambaci sunan kowa ba. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani.

Batun Facebook zan taƙaita. Haƙƙinka ne ka yi magana a waje, Weber ma can ya tura mu. Amma ka bar gardama da ɗalibanka a can, kuma ka daina duk rubutun da ke zagin magoya bayan wani, domin waɗanda kake kira jahilai da daddare su ne za su zauna gabanka da safe. Ka kuma ɗauka cewa duk abin da ka faɗa a aji akwai wayar da ke naɗa.

To mu dawo kan yaron nan. A 1980 Michael Lipsky ya nuna cewa ƙananan ma'aikatan da ke hulɗa da jama'a kai tsaye, irin su malamai da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a, su ne a zahiri ke yanke yadda manufa za ta kasance, saboda doka ta bar musu sarari na amfani da hankalinsu. Za ka koyar da wannan a kwas ɗinka in ba ka riga ka yi ba. Ka sani kai ne mutumin da yake bayani. Jan bironka iko ne, kuma yaron nan talaka ne da ya zo ofishin hukuma yana cewa an zalunce shi. Ajin gaba ɗaya yana jiran ya ga me mai iko zai yi.

Ni ma an taɓa yi mini haka a farkon aikina. Na fusata, na ajiye takardar mako guda, sannan na ba wani abokin aiki ita ba tare da na gaya masa komai ba. Makin da ya bayar ya ɗara nawa. Da na sake karantawa sai na ga abin da ya faru: duk inda yaron ya faɗi abin da ban yarda da shi ba na rubuta masa a gefe ina hujjarka, amma a takardun da suka dace da ra'ayina na bar irin wannan rauni ya wuce ban ko lura ba. Ban yi niyyar zalunci ba, amma zalunci na yi, kuma daga ranar na sauya yadda nake duba takardu.

Ga abin da za ka yi cikin makon nan. Kada ka jira ya kai ƙara, kai ka riga shi zuwa wurin shugaban sashe, ka faɗi abin da ya faru, ka nemi a sake dubawa. Ka kwafi takardarsa tare da wasu huɗu ko biyar na 'yan ajin, masu ra'ayi mabambanta, a rufe sunaye da makin da ka bayar da duk abin da ka rubuta a gefe, a ba wani malami wanda bai san wacce ake taƙaddama a kai ba. In makinsa ya fi naka da tazara, ka gyara, ka kira yaron ka gaya masa da bakinka cewa yana da gaskiya. Wannan ba zai zubar maka da girma ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka kuma sake duba sauran takardun da suka ɗauki irin matsayinsa, don mai yiwuwa akwai waɗanda abin ya shafa amma ba su da ƙarfin halin tare ka. In kuwa makin ya zo daidai da naka, kada ka yi masa kallon na faɗa maka. Ka zaunar da shi ku bi takardar sakin layi bayan sakin layi, ka nuna masa inda ya yi iƙirari ba madogara, da inda ya tsallake hujjar ɗaya ɓangaren, sannan ka nuna masa, ba suna, takardar wani mai irin ra'ayinsa da ya sami maki mai kyau in akwai.

Daga jinga ta gaba, ka raba musu ma'aunin maki a rubuce tun ranar da ka ba da aikin: kaza na fayyace tambaya, kaza na hujja da madogara, kaza na fuskantar hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kaza na tsari da rubutu. Babu layin da ya ce matsayin da ɗalibi ya ɗauka. Su rubuta lambar rajista kawai a shafin farko, suna ya koma bayan takarda. Ka duba tambaya ɗaya a dukkan takardu kafin ka wuce ta gaba, kuma in ka ji ranka ya fara ɓaci a kan wata takarda, ka ajiye ta sai gobe da safe.

Ba ni da shakka zangon nan zai yi maka nauyi har a gama zaɓe, kuma za a sami ranakun da aji zai sake ɓarkewa duk da ƙoƙarinka. In hakan ta faru, ka tsaya, ka koma allo ka zana gidajen nan uku, ka tambayi wanda ya fi kowa ɗaga murya a wanne yake. Allah ya dafa maka, Malam. Ka rubuto mini in an dawo da takardar yaron, ina so in ji makin da aka ba shi.